Gyaran kwalejin al'umma a Legas: lokaci guda, kashi-kashi, ko a rushe a sake?

Ranar da kwamitinmu ya zauna kan maganar gyaran kwalejin, bokiti huɗu ne a ofishin shugaban makaranta, kowanne yana tarar nasa ɗigon. Watan Yuni ne, tsakiyar ruwan Legas. A ajin sama ɗalibai sun ja bencina sun takure a gefe guda, silin ya yi ciki ya rino, allo ya jiƙe har alli ba ya kamawa. Kwalejin ta al'ummar Hausawa ce a yankin Agege. Da safe sakandare, da yamma manya su zo yaƙi da jahilci da ɗinki da kwamfuta. Bene ne hawa ɗaya da iyayenmu suka gina da kuɗin goro da na shanu, sai wani dogon gini na ƙasa a bayansa.

Baba Alhaji, shugaban kwamiti, bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce a rushe, a gina hawa uku wanda duk mai wucewa ta gadar Pen Cinema zai hango. Hajiya shugabar mata ta ce a'a, a rufe makarantar zango ɗaya a gyara komai a huta, yara sun gaji da ƙurar gyaran da ba ya ƙarewa. Malam ma'aji ya buɗe littafinsa, ya juya shi yadda kowa zai ga abin da ke ƙasan shafi, ya ce: "Ranku ya daɗe, da wannan za a yi?"

Hanyoyi ukun nan, rushewa da gyara lokaci guda da gyara kashi-kashi gwargwadon kuɗin da ke hannu, su ne ke gaban kusan kowace makarantar al'umma da na sani, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12. Na zauna a kwamitin nan shekaru, na ga inda muka yi daidai da inda muka zubar da kuɗi, shi ya sa nake so in jera su a auna.

Kafin a zaɓi ko ɗaya

Duk gardamar da muka yi ranar, a kan abin da ba mu sani ba muka yi ta. Ba wanda ya san ko ginshiƙan benen suna da lafiya. Magini ya ce ƙalau suke, amma magini aiki yake nema. Kuɗin farko da ya kamata kwamiti ya kashe ba na siminti ba ne, na injiniyan gini ne mai rajista da hukumar COREN, ya duba ginin ya rubuta rahoto ya sa hannu da hatimi. Zai ƙwanƙwasa ginshiƙai da wata 'yar guduma mai auna ƙarfin kankare, ya bi rodin da ke ciki da na'ura, in ya yi shakka ya yanko ɗan guntun kankare a kai ɗakin gwaji. Gwamnatin jihar tana da nata ɗakin gwajin kayan gini, LSMTL. Bayan injiniya sai mai ƙididdigar gini, ya mayar da rahoton zuwa jerin kaya da farashi: buhu nawa, rodi tan nawa, kwano mita nawa.

A nan Legas wannan ba ƙa'idar takarda ba ce. Ranar 13 ga Maris 2019 wani bene mai hawa uku ya rufta a Ita Faji da ke tsibirin Legas, da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu. Makarantunmu da yawa asalinsu gidajen haya ne da aka fasa bangon tsakanin ɗakuna aka mayar da su azuzuwa. Nauyin da injiniyoyi ke lissafa wa aji ya kai kusan ninki biyu na ɗakin kwana, ga shi an cire bangon da wataƙila shi ke taimaka wa dakin, wato kankaren da aka zuba tsakanin hawa da hawa. Sannan a ɗora tankin ruwa mai lita 5,000 a sama, wanda in ya cika tan biyar ne cur.

Rahoton nan shi ke raba tsaga da tsaga. Akwai ta filasta, siririya kamar gashi, wadda ba ta wuce fenti ba. Akwai wadda ke tashi daga kusurwar taga ta tafi a karkace, tana ƙara buɗewa ta sama, wannan alama ce ƙasa na zaunawa a ƙarƙashin fandisho. Akwai kuma inda kankare ya ɓamɓaro rodi ya fito ja. Iskar Legas da danshinta da gishirin teku su ne ke shiga su sa rodi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fi girman ƙarfen da ta ci, ta tsaga kankaren daga ciki. In an yi ginin da yashin da aka ɗebo daga ruwan gishiri ba a wanke ba, ciwon tun ranar haihuwa yake. Mu 'yan Arewa mun saba da gini a busasshiyar ƙasa, inda rodi kan daɗe ba abin da ya same shi. Idonmu bai koyi ganin irin wannan ba.

Da rahoto a hannu, sai a yi lissafi ɗaya mai sauƙi: kuɗin duk gyaran da ake buƙata, a raba shi da kuɗin sake gina irin ginin a farashin yau. A ɗauka misali sabon gini zai ci naira miliyan 300, gyara kuma miliyan 90. Kashi 30 cikin ɗari ke nan, gyara ya fi. In ya haura rabi ya doshi kashi biyu cikin uku, kuma ciwon a ƙashin ginin yake ba a fatarsa ba, a ganina lokacin sauraren Baba Alhaji ya yi.

Gyara lokaci guda

Hujjar Hajiya mai ƙarfi ce, kuma shekarun nan sun ƙara mata ƙarfi. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a watan Yunin shekarar, buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Adadin ya sauko daga baya, amma saukarsa ba saukar farashi ba ce, gudun ne ya ragu. A irin wancan yanayi na kashi 30, aikin miliyan 100 zai zama 130 bayan shekara, 169 bayan shekara biyu. Wanda ya yi aikinsa gaba ɗaya ya kulle farashi, ya tsere wa wannan.

Akwai kuma abin da ba a gani a takarda. Ɗan kwangila sau ɗaya zai kawo kayan aikinsa ya kafa katakon hawa. Mai wayarin da mai famfo za su sare bango kafin filasta, filasta kafin fenti, ba wanda zai dawo ya fasa aikin wani. In wani abu ya ɓaci, mutum ɗaya za a kama.

Matsalarsa biyu ce, kuma duka biyun manya ne. Ta farko, ina za a kai ɗalibai? Dogon hutu daga ƙarshen Yuli ne zuwa wajen tsakiyar Satumba, mako shida ko bakwai. Gyaran bene gaba ɗaya ba ya ƙarewa a haka. Kankare kaɗai yana son kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa. In aka rufe zango guda, iyaye ba za su zaunar da 'ya'yansu a gida ba, za su kai su makarantar da ke layi na gaba, kuma wanda aka ɗinka wa sabon yunifom da wuya ya dawo. Malamai kuwa ko a biya su ba aiki ko su watse. In an ce a kama haya na wucin gadi, mai gida a Legas shekara guda yake karɓa a dunƙule, ga kuɗin dillali da na yarjejeniya. 'Yan ajin ƙarshe masu jiran WAEC a Mayu da Yuni ba a ma maganar motsa su.

Ta biyu ita ce wadda na fi tsoro. Gyaran lokaci guda yana buɗe ginin gaba ɗaya: an yaye rufi, an cire tagogi, an sare bango. In kuɗi suka yanke a wannan gaɓar, ba tsohon gini gare ku ba, ba sabo ba, kango gare ku, kuma ruwan Legas ba ya jiran a sake gidauniya. Shi ya sa nake cewa wannan hanya ta mai kuɗi a hannu ce. A hannu, ba a bakin mutane ba.

Kashi-kashi

Wannan ita ce hanyar da yawancinmu ke bi, kuma yawancinmu ba daidai muke bin ta ba. Abin da muka shekara muna yi a kwalejinmu ba gyara kashi-kashi ba ne, faci ne. In kuɗi suka shigo sai a duba abin da ya fi ɗaukar ido. Wata shekara, saboda bikin yaye ɗalibai da za a gayyato manyan baƙi, muka yi wa benen fenti ciki da waje, muka sa sabon silin a azuzuwa uku. Ruwan farko na Afrilu ya sauko ta tsohon kwanon, silin ɗin ya jiƙe, fentin ya kumbura yana saluɓewa kamar fatar ƙuna. Ni ma na ɗaga hannu ranar da aka amince da kashe kuɗin, ba zan ɗora wa kowa ba.

Bambancin faci da kashi-kashi shi ne tsari ɗaya da aka zana tun farko, na ginin gaba ɗaya, sannan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana iya tsayawa da ƙafarta ko da ta gaba ta yi jinkirin shekara biyu. Kuma jerin ba ra'ayi ba ne. A Legas ruwa ake bi.

Abin da ke barazana ga rai shi ne a gaba: ginshiƙin da ya tsage, matakalar da ke rawa, tsirarar wayar lantarki, ƙofar fita guda ɗaya ga ɗalibai ɗari biyu. Daga nan sai rufi. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne. Rufi mai murabba'in mita 300, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Yuni, lita 15,000 ya sauke, cikin manyan tankuna uku. Ruwan nan dole ya je wani wuri. In ba indararo da bututu da kwata mai kai shi titi, gindin bango zai je, ya jiƙa fandisho, danshi ya hau bulo. Saboda haka rufi da magudanar ruwa aiki ɗaya ne, kada a raba su. Bayan su sai ban-ɗaki da sokawe da rijiyar burtsatse, a tabbatar akwai tazara mai kyau tsakaninsu, domin a unguwannin da ruwan ƙasa ke kusa abin da ya shiga sokawe ba ya nisa da abin da ake sha. Sai wayarin. Sai tagogi da daɓe. Silin da fenti su ne 'yan auta.

A kan rufin ma akwai zaɓi. Kwanon ƙarfe mai araha tsatsa ke cinye shi da wuri a iskar nan. Dogon kwanon alminiyam ya fi jurewa, amma kaurinsa iri-iri ne, akwai mai milimita 0.45 akwai mai 0.55, kuma a ido kusan ɗaya suke. A rubuta kaurin a yarjejeniya, a auna ranar da aka sauke kaya. Katakon da za a ɗora shi a kai a sha masa maganin gara, in kuɗi sun isa a yi ƙarfe. In tsohon rufin ko silin na asbestos ne, irin na shekarun 1970 da 1980, kada a bar lebura ya farfasa shi da guduma yara na kusa. Ƙurarsa tana jawo ciwon huhu da daji bayan shekaru. A jiƙa shi, a kwance shi ɗai-ɗai, a lokacin hutu.

Kalandar aikin ma sai an yi mata dabara. Ruwan Legas kashi biyu ne: mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Tsagaitawar Agusta ta faɗo daidai cikin dogon hutu, ita ce tagar yaye rufi, amma ƙaramar taga ce, sai an riga an sauke kwano da katako kafin a sallami ɗalibai. Aikin haƙa, kwata da sokawe da fandisho, rani ya fi dacewa da shi, daga Nuwamba zuwa Maris, a fara da hutun Disamba. Kuma duk mai tsara aiki a cikinmu ya tuna da Sallah. Rabin leburori da rabin 'yan kwamiti za su hau mota su tafi gida, aiki ya tsaya mako biyu ko an so ko ba a so ba.

Aibin wannan hanya a fili yake. A ƙarshe ta fi tsada, domin farashi yana tafiya kuna tafiya, kuma kowane kashi sai an sake kawo ma'aikata. Ɗalibai za su yi karatu cikin ƙarar guduma, dole a killace wurin aiki da kwano, ba da igiya ba. Masu bayarwa suna gajiya, wanda ya ba da bana da fara'a baɗi zai ce "ba kwanan nan muka bayar ba?" Sannan kwamiti kan canza, sabon shugaba ya zo da nasa buri, ya ajiye zanen da aka biya kuɗi aka yi. Maganin tsadar da na gani yana aiki shi ne a mayar da kuɗi kaya da zarar sun shigo, amma kayan da ba sa lalacewa: kwanon alminiyam, tayil, waya, bututun roba. Ban da siminti. A danshin Legas buhun da ya wuce wata biyu ko uku a ajiye ya fara dunƙulewa, ƙarfinsa ya ragu. Mun taɓa karɓar gudunmawar buhuna daga wani bawan Allah tun aiki bai tashi ba, da aka zo amfani da su wasu sun zama dutse, sai cike rami muka yi da su. Rodi ma in zai daɗe, a ɗaga shi daga ƙasa a rufe.

A rushe a sake

Ba na raina burin Baba Alhaji. Fili a Legas ya fi gini tsada, kuma makarantar da ke zaune a kan fuloti biyu da ginin ƙasa tana ɓarnar abin da ta fi kowa arziki da shi. Hawa uku zai ninka azuzuwa, a samu ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wataƙila a fitar da shaguna ta bakin titi. A wuraren da ke fadama, irin gefen Mile 12 da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu, inda ruwa kan shigo in kogin Ogun ya cika aka saki madatsar Oyan, tsohon ginin da titi ya fi shi tudu ba gyaran da zai cece shi. Sai an ɗaga shi, da fandisho irin na shimfiɗa ko na turaku, bayan an gwada ƙasar.

Amma ranar da aka rushe, an fita daga duniyar gyara an shiga ta takardu. Rushewa kanta sai da izini. Sabon gini sai hukumar LASPPPA ta amince da zanen, hukumar LASBCA kuma ta bi aikin mataki-mataki har ta ba da shaidar cewa ya dace a shiga. Babban gyara ma yana son izini, kada a ce ban faɗa ba, amma na sabon gini ya fi bincike. Za a nemi takardar mallakar fili. A nan ne da yawa daga cikin makarantunmu ke tuntuɓe, domin filin da sunan wani dattijo yake, Allah ya yi masa rasuwa, ya bayar da baki a gaban shaidu, abin da ke akwai rasit ne na dangin masu ƙasa. Magadansa na yau mutanen kirki ne, amma jikoki fa? Ko ba za a rushe ba, a yi wa makarantar rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a mayar da filin sunansu, a rubuta waƙafin.

Abu na biyu da ba a cika lura da shi ba: tsohon gini sau da yawa ya cika filin har bakin iyaka. Sabo dole ya bar tazarar da doka ta ce a gaba da gefe da baya. Sai ka ga abin da aka samu a sama an rasa wani ɓangarensa a ƙasa. Ga kuma masu zuwa karɓar "kuɗin fandisho" da "kuɗin rufi" da sunan 'ya'yan masu ƙasa. Jihar ta yi dokar hana wannan a 2016, amma sabon gini ya fi gyara jawo idonsu. Ɗalibai kuwa ba zango ɗaya ba, shekara ɗaya ko biyu za su yi a wani wuri.

Akwai hanya ta huɗu da kullum wani ke kawowa a matsayin sulhu: a bar tsohon, a ɗora masa hawa ɗaya. Ita ce mafi hatsari a cikinsu duka. Fandishon da aka yi don ginin ƙasa bai san da bene ba. In injiniya bai haƙa ya gani ya rubuta ya sa hannu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuɗin daga ina

Kowace hanya da irin kuɗin da ya dace da ita, kuma a nan ne zaɓin ke yanke kansa.

Gidauniya ita muka fi sani. A kafa rumfa, a gayyato Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, daga 'yan gwari na Mile 12 zuwa mahautan Oko-Oba da 'yan canji, mai sanarwa yana kiran suna ana kabbara. Abin da aka faɗa a lasifika daban, abin da ya shiga asusu daban. Ba don mutane maƙaryata ba ne. Ɗan kasuwa ya yi alkawari yana sa ran motar tumatir ɗinsa za ta iso lafiya, sai ta kwana uku a hanya. Malam ma'aji yana da shafi biyu a littafinsa, ɗaya "an faɗa", ɗaya "an kawo", kuma ba ya yarda a sa hannu kan kwangila sai da shafi na biyu. Irin wannan kuɗi mai zuwa guntu-guntu, musamman a watan azumi, kashi-kashi ya dace da shi. A kuma bayyana wa jama'a cewa sadaka mai gudana ake nema. Mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, ba su ga a zuba zakka a gini ba, tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa.

Ƙarin kuɗin gini a kan kuɗin makaranta shi ne mafi tabbas, amma mafi ƙanƙanta, tunda iyayen ɗalibanmu masu gadi ne da 'yan dako da ƙananan 'yan tireda. Amfaninsa na gaskiya ba a babban aiki yake ba, a kula da ginin bayan an gama yake. Masu kula da gine-gine suna ba da shawarar a riƙa ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na kuɗin sake ginin duk shekara. Ko rabin haka muka riƙa yi, da ba mu kai ga bokiti huɗu ba.

Rancen banki shi ke sa gyaran lokaci guda ya yiwu ga wanda ba shi da kuɗi a hannu, kuma shi ke iya cinye makarantar. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke bayarwa. A ɗauka an ci miliyan 50 a kan kashi 30. Ruwan shekarar farko kaɗai miliyan 15 ne. In ɗalibai 400 ne, kowanne zai ɗauki naira 12,500 a kowane zango, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wannan kafin a zo ga maganar riba a shari'a, wadda a kwamiti irin namu ita kaɗai ta isa ta rufe zancen. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, suna da tsarin murabaha, inda banki zai sayi kwano ko rodi ya sayar muku da ribar da aka sani a biya sannu a hankali. Yana kulle farashin kaya, wannan alheri ne. Amma ba kyauta ba ne, kuma su ma za su nemi rajista da jingina da tarihin asusu, abin da makarantar da ke karɓar kuɗi a hannu tana zubawa a asusun shugabanta ba ta da shi.

TETFund kuwa, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a cire shi daga lissafi. Dokarsa ta 2011 ta jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi ce mallakar gwamnatin tarayya da jihohi. Alkawarin ɗan siyasa a shekarar zaɓe kuma a sa shi a shafin "an faɗa".

Waƙafin shaguna shi ne abin da nake so mu ƙara tunani a kai. Shago uku a jikin katanga ta bakin titi, hayarsu a asusu daban da ba a taɓawa sai don gini. Ba zai gina bene ba, amma zai sa a daina kafa rumfa duk lokacin da kwano ya tsiyaya.

Ko wace hanya aka bi, kasafin ya ɗauki kuɗin ko-ta-kwana. A sabon gini kashi 10 kan isa, a tsohon gini ni ba na yarda da ƙasa da 15 zuwa 20, domin sai an yaye silin ake ganin abin da gara ta yi. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kawo kayan farko. Sauran a biya bisa aikin da injiniya ya duba ya amince, a riƙe kashi 5 har wata shida bayan an gama, kuma a tsara yadda wata shidan za su haɗa da damina. Sayen kaya da kanku a biya leburanci yana rage kuɗi a ƙananan ayyuka irin fenti da tayil, in akwai mai tsayawa a wurin daga safe zuwa yamma. A aikin ginshiƙi da dakin da rufi, a ba ƙwararre a dunƙule, yadda in ya tsage an san ƙofar da za a buga.

In aka tambaye ni a taƙaice wa ya dace da wace: mai lafiyayyen ƙashin gini, da kuɗin aikin duka a asusu har da na ko-ta-kwana, da wurin da zai ajiye ɗalibai, ya yi lokaci guda, shi ya fi araha. Wanda injiniya ya ce fandishonsa ya tafi, ko ruwa ke kwana a azuzuwansa duk shekara, ya kwashe yara yau, ya fara da takardun fili, ya rushe in ya shirya. Sauranmu, kuma mu ne mafi yawa, kashi-kashi bisa zane ɗaya.

Rahoton namu da ya fito, ya raba gardamar yadda ba wanda ya zata. Benen da muke tsoro ƙashinsa lafiya, ban da ginshiƙai biyu na gefen matakala da rodinsu ya ci tsatsa. Dogon ginin baya da ba wanda ya kawo maganarsa, shi ne ke nutsewa ta kusurwar da ruwan rufin benen ya shekara yana zuba. Injiniyar, wata Bayarabiya mai ƙarancin magana, ta manna ɗan filasta a kan tsagar ta rubuta kwanan wata a gefe, bayan mako shida muka tarar ya rabe biyu. A makon aka kwashe azuzuwa biyu daga ciki aka mayar da su zaman yamma.

Na kai wa Baba Alhaji rahoton gida bayan la'asar. Ya sa aka karanta masa sau biyu. Na ce: "Baba, ku yi haƙuri, benen ba zai rushe ba. Na bayan ne zai tafi, shi ma sai an gama rufi da kwata." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce to, amma da sharaɗi: in an zo gina na bayan, a yi masa fandishon hawa uku ko da hawa ɗaya za a fara ɗorawa, kuma a nemi izinin ukun tun yanzu. Injiniyar ta ce wannan magana ce mai kyau, ta sa a zanen. An gyara ginshiƙan biyu, an sauke kwano a makon ƙarshe na Yuli, an rufa kafin ruwan Satumba. Bangon benen har yanzu da dabbare-dabbaren tsohon fenti, Hajiya kuma duk zaman kwamiti sai ta tambayi yaushe za a kai kansa. A zanen da ke manne a ofishin shugaban makaranta, fenti ne na shida, mu kuwa muna kan na uku, haƙan sabon sokawe, an sa shi hutun Disamba.